Shin Ko Kun San? Mont-Saint-Michel, Dutsen Da Teku Ke Gadin Ƙofarsa

Shin ko kun san akwai wani gari a Faransa da za ka tako har ƙofarsa da rana tsaka a kan yashi, amma kafin a yi isha'i inda ka taka ɗin ya zama teku? Sunansa Mont-Saint-Michel, wato Dutsen Mala'ika Mika'ilu. Yana arewa maso yammacin ƙasar, a gaɓar yankin Normandi, daf da iyakarsa da yankin Bretagne, cikin wani makeken lungun teku mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 500. Tsibirin kansa ɗan mitsitsi ne. Kewayensa mita 960 ne, bai ma cika kilomita guda ba, faɗinsa kuma kimanin hekta 7. Dutse ne ƙwaya ɗaya da ya miƙe sama kamar mita 80, aka zagaye gindinsa da ganuwa, aka maƙala masa gidaje a kwiɓi, sannan aka ɗora masa majami'a a tsakar ka.

Shin ko kun san a ranakun da tekun wurin ya tashi da ƙarfi yakan janye har kilomita 15 daga gaɓa, ya bar fili fetal iya ganinka, sannan ya dawo ya shafe shi cikin 'yan sa'o'i? Tazarar da ke tsakanin cikarsa da janyewarsa takan kai mita 14, wani lokaci ta tasam ma 15. Duk faɗin babban yankin Turai babu inda ya kai nan. A duniya kuwa kambun yana hannun lungun Fundy na Kanada, inda tazarar ke kaiwa wajen mita 16.

Dalilin ba wani asiri ba ne. Ruwan Atilantika ne ke kutsowa cikin mashigin da ya raba Faransa da Ingila, sai ya ci karo da zirin ƙasar Cotentin da ya tokare masa hanya, ya rasa mafita, ya taru a wannan lungu. Ƙasan lungun kuma shimfiɗaɗɗe ne ƙwarai, babu gangare sosai, don haka da ruwa ya ɗan ɗaga kaɗan sai ya malale fili mai yawa.

Shin ko kun san mai bin lissafin watan Musulunci ya fi mai kallon kalandar Turawa saurin gane ranar da tekun zai yi ƙarfi? Wata ne ke jan ruwan, rana na taya shi. Idan su biyun suka daidaita a layi guda da duniya, wato lokacin tsayuwar sabon wata da lokacin da ya cika, sai jan nasu ya haɗu. A wannan lungu ƙarfin kan iso kwana ɗaya da rabi zuwa biyu bayan haka, ke nan a kwanakin farko na wata da kuma wajen 16 gare shi. Wajen 8 da 23 ga wata kuwa tekun kan yi lakwas, wani lokaci ko gindin dutsen ba ya kaiwa. Kullum sau biyu yake cika, tsakanin cika da cika sa'a 12 da minti 25, abin da ya sa kowace rana yake makara da kusan minti 50, daidai da makarar fitowar wata. Mafi girman cika kuma a watannin Maris da Satumba ake ganinta, sa'ad da dare da rana suke kai ɗaya.

Faransawa na auna ƙarfin cikar da wani ma'auni da ya fara daga 20 ya tsaya a 120. Ranar 21 ga Maris 2015 ya kai 119, kwana ɗaya bayan an yi kusufin rana, dubban mutane suka yi dafifi don kallo. Jaridu sun kira ta cikar ƙarni, amma kuri ne irin na 'yan jarida, don duk bayan shekara 18 take dawowa. An yi a 1997, ta gaba kuma masana sun ajiye ta a 3 ga Maris 2033, wanda bisa lissafi zai faɗo a farkon Zulhajji na 1454, kwanaki kaɗan kafin Babbar Sallah.

Shin ko kun san maganar da ake yayatawa cewa ruwan na zuwa da gudun doki a sukuwane zuƙi ta malle ce? Yawanci saurinsa bai wuce na mutum mai sassarfa ba. Haɗarinsa a wani wajen yake. Ba ta gabanka kawai yake zuwa ba, yakan fara bin kwaruruwan koguna uku da ke zuba a lungun, Couesnon da Sée da Sélune, ya zagayo ta bayanka ya datse hanyar komawa, kai kana can kana kallon wanda ke tafe a gaba. Idan hazo ya sauka kuma, gabas da yamma sun ɓace. Shi ya sa a da ake kaɗa ƙararrawar majami'ar idan hazo ya rufe, domin masu tafiya a fili su bi sautin su tsira.

Ga kuma yashi mai zurmawa. Ruwa na gudana a ƙarƙashinsa, samansa ya yi kamar busasshe, kana takawa ka tsaya sai ya narke ya riƙe ƙafa. Ba ya haɗiye mutum ɗungurungum kamar yadda ake nunawa a fim, don ya fi jikin mutum nauyi. Riƙewa yake yi zuwa cinya ko ƙugu, teku ya zo ya ƙarasa aikin. Har yau masu son ƙetare filin da ƙafa, musamman daga ƙauyen Genêts, tafiyar kilomita 6 zuwa 7, da ɗan jagora mai izinin hukuma suke tafiya, ƙafa ba takalmi. Abin dariya, 'yan jagorar sukan tara baƙi su yi ta tsalle a wuri guda har yashin ya saki, don su koya musu yadda ake zare ƙafa.

Shin ko kun san wannan yashi ya shiga tarihin Ingila? A kan dogon ƙyallen nan mai zanen zare na garin Bayeux, wanda ya ba da labarin yadda William na Normandi ya ci Ingila a 1066, an zana dutsen, an kuma zana Harold, wanda daga baya ya zama sarkin Ingila, yana janyo sojojin William biyu daga cikin yashin kogin Couesnon, ɗaya a goye ɗaya a hannu. Bayan kamar shekara biyu da wannan ceto, rundunar William ɗin ce ta kashe Harold a fagen Hastings.

Shin ko kun san wani ƙoƙon kai mai huji ne ake nunawa a matsayin shaidar kafuwar wurin? Da can sunan dutsen Mont Tombe. Labarin da Kiristocin yankin suka gada shi ne, a shekara ta 708 Aubert, bishof ɗin garin Avranches, ya yi mafarkin Mala'ika Mika'ilu yana umartarsa ya gina ɗakin ibada a kan dutsen. Ya share zancen. Mafarki ya dawo, ya sake sharewa. A na uku, in ji labarin, mala'ikan ya dangwara masa yatsa a ka har ya huda ƙashi. Aubert ya tashi ya kama aiki, aka keɓe ɗakin a watan Oktoba na 709. Ƙoƙon yana nan a cocin Saint-Gervais da ke Avranches, da hujinsa. Masu binciken ƙasusuwa dai suna da nasu bayanin na likitanci game da hujin, kuma ba ya kama da na mafarki.

Mika'ilu ba baƙo ba ne a wurinmu, sunansa na cikin Suratul Baƙara, malamanmu kuma suna danganta shi da ruwan sama da arziki. Kiristocin Turai na wancan zamani kuwa a matsayin jarumi suka ɗauke shi, mai takobi da sikeli, shugaban rundunar sama kuma mai auna ayyukan matattu. Wannan ne ya sa suke gina masa wuraren ibada a kan tsaunuka, ya kuma sa talakawa da sarakuna suka riƙa sayar da rai suna ƙetare yashi don ziyara. Har yara ƙanana sun riƙa barin gidajen iyayensu ayari-ayari zuwa wurin, daga Faransa a ƙarni na 14, daga Jamus a na 15.

Akwai kuma wata tatsuniya cewa a da dutsen yana tsakiyar wani daji ne mai suna Scissy, teku ya cinye dajin a tashi ɗaya a 709. Masana ƙasa sun yi watsi da ita, sun ce tekun ya shigo ne sannu a hankali cikin dubban shekaru.

Shin ko kun san majami'ar da ke sama ta fi kan dutsen da take zaune a kai girma? A 966 Richard na Ɗaya, mai mulkin Normandi, ya zaunar da sufaye mabiya tsarin Benedict a wurin. A 1023 suka fara gina babbar majami'a mai tsawon mita 80 a kan tsinin dutse wanda tsakiyarta kawai zai iya ɗauka. Dabararsu ita ce su gina ɗakuna masu kaurin ginshiƙai a kewayen tsinin, su zama matashi, a shimfiɗa majami'ar a kansu. Dabarar ta yi aiki, amma da tsada: ɓarin arewa ya rufta a 1103, ɓangaren gabas ya zube a 1421, sake gina shi kuma ya ci daga 1446 har 1521. Yawancin duwatsun ginin daga tsibiran Chausey aka kwaso su, wajen kilomita 30 cikin teku. Ana loda su a jiragen ruwa, a jira cika ta kawo su gindin dutsen, sannan a ja su sama da igiya. Ashe tekun da ke hana shiga shi ne ɗan dakon magina.

Mafi shaharar ginin shi ne wanda Faransawa ke kira La Merveille, a ɓarin arewa, bene mai hawa uku da aka manna a jikin dutse. Asalinsa gobara ce. A 1204 mayaƙan Bretagne, abokan ƙawancen Sarki Philippe Auguste na Faransa, suka cinna wa garin wuta ta haura sama. Sarkin ya ji kunya ya ba da kuɗin gyara, aka gama a 1228. Tsarin hawan ma ya faɗi yadda suke kallon duniya: a ƙasa ɗakin da ake raba wa matalauta sadaka, a tsakiya zauren saukar sarakuna da manyan baƙi, can ƙololuwa kuma ɗakin cin abincin sufaye da farfajiyarsu mai lambu, rataye tsakanin sama da teku. Masu zuhudu ne, amma da suka zo rabon ɗakuna ba su ajiye kansu a ƙasa ba.

Shin ko kun san littattafan wannan tsibiri sun tayar da ƙura a Faransa a 2008, kuma maganar ta shafi Musulmi? A ƙarni na 12, zamanin shugaban sufaye Robert de Torigni, wanda ya riƙe wurin daga 1154 zuwa 1186, tsibirin ya yi suna wajen kwafar littattafai da hannu, har da na Aristotle. Kimanin 200 daga cikin rubuce-rubucen sun tsira, suna ajiye a Avranches. A 2008 wani malamin tarihi, Sylvain Gouguenheim, ya fitar da littafi mai suna Aristote au Mont-Saint-Michel, yana cewa Turai ta samu ilimin Girkawa ne kai tsaye ta hannun mafassara irin su Jacques na Venice da sufayen wannan dutse, gudummawar malaman Musulmi kuma ba ta taka kara ta karya ba. Masana tarihi da dama suka yi masa ca, gommai daga cikinsu suka sa hannu a takardun raddi. Gaskiya ne an fassara wasu littattafan daga Girkanci kai tsaye, babu mai musun wannan. Amma babu hujjar cewa Jacques ya zauna ya yi aikinsa a tsibirin, kuma wanda zai ba da tarihin falsafar Turai ya tsallake fassarorin Toledo da sharhin Ibn Rushd da littattafan Ibn Sina, to siyasar zamaninsa yake yi da rigar tarihi.

Shin ko kun san Ingilishi sun mamaye Normandi kaf a Yaƙin Shekara Ɗari, ban da wannan dutse? Abin mamaki ma, shugaban sufayen da ya ƙarfafa ganuwar, Robert Jolivet, shi ne ya sauya sheƙa ya koma wajen Ingilishi a 1420, ya zo yana taya su neman hanyar fasa katangar da ya gina. Suka kafa sansani a Tombelaine, wani ɗan dutse mai nisan kilomita 3 a arewa, suka yi ta kewaye wurin tun daga 1423. Matsalarsu ita ce sojan ƙasa ba ya iya daɗewa a fili don ruwa na tafe, jirgin yaƙi kuma ba ya iya daɗewa a ruwa don zai janye ya bar shi a kife kan yashi. A 1425 jiragen mutanen Saint-Malo suka fasa shingen da aka yi ta teku. A 1434 Ingilishi suka yi yunƙurin ƙarshe da manyan igwa, mahaya 119 ƙarƙashin Louis d'Estouteville tare da mutanen gari suka fatattake su. Igwa biyu da suka gudu suka bari suna nan har gobe a bakin ƙofar shiga, da duwatsun da ake harbawa da su.

Shin ko kun san bayan duk wannan ɗaukaka wurin ya koma gidan yari? Tun zamanin Louis na 11 sarakunan Faransa suke jefa waɗanda suka tsone musu ido a can, har da wani keji na katako da ƙarfe. A cikinsa wani marubuci da ake kira Dubourg ya mutu a 1746, laifinsa rubutun da ya taɓa fadar Louis na 15. Da juyin juya halin Faransa ya zo aka kori sufaye, aka sauya wa dutsen suna zuwa Mont-Libre, wato Dutsen 'Yanci, sannan a 1793 aka tsare limaman Kirista fiye da 300 a ciki. Daga nan zuwa 1863, da Napoleon na Uku ya rufe kurkukun, kimanin fursunoni 14,000 ne suka ratsa ta wurin, cikinsu da 'yan tawayen siyasa irin su Armand Barbès da Auguste Blanqui. An yanyanka majami'ar hawa-hawa aka mai da ita masaƙa da wurin ɗinkin hulunan kaba. Har yanzu akwai wani ƙaton gargare na katako da aka kafa wajen 1820, wanda fursunoni ke shiga cikinsa suna takawa yana juyawa, yana janyo kayan abinci daga gindin dutse zuwa sama.

Marubuci Victor Hugo ya ziyarci wurin a 1836, abin da ya gani ya ɓata masa rai, ya shiga sahun masu kiran a ceto shi. Sai dai a faɗi gaskiya, ba don kurkukun ba da wataƙila ginin ya zama kango an kwashe duwatsunsa, kamar yadda aka yi wa babban gidan sufaye na Cluny. A 1874 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa aka fara gyara.

Shin ko kun san tsinin hasumiyar nan da ya fi komai fitowa a hoto ba tsoho ba ne? A 1897 aka ɗora shi, tare da mutum-mutumin Mika'ilu na tagulla mai ruwan zinariya, aikin Emmanuel Frémiet, sama da mita 150 daga fuskar teku. Shi ne kuma maganin aradu na ginin. Sau biyu jirgi mai saukar ungulu ya sauko da shi don a sabunta masa zinariya, a 1987 da 2016.

To, ga inda labarin ya fi daɗi. Shin ko kun san abin da igwar Ingilishi ta kasa yi cikin shekara goma sha ɗaya, wata hanyar ciko ta kusa yinsa ba tare da harbi ko ɗaya ba? A 1879 aka kammala wani titi da aka yi wa cikon ƙasa da duwatsu, mai tsawon kusan kilomita 2, ya haɗa dutsen da gaɓa, ruwa ba ya rufe shi. Daga 1901 zuwa 1938 har ƙaramin jirgin ƙasa na bi ta kai daga garin Pontorson. Tun lokacin masu kishin wurin suka yi ta ƙorafi, ba a saurare su ba. A daidai wannan zamani kuma aka yi ta datse gefen lungun ana mai da shi gonaki, aka miƙar da kogin Couesnon aka ɗaure shi a hanya guda, a 1969 aka kafa masa madatsa.

Kowace cika na shigowa da laka da yashi, kuma ƙarfin shigowarta ya fi na fitarta, don haka kullum akwai saura. A da, kogunan ne ke yawo a filin suna share wannan saura, ruwa kuma na zagaye dutsen yana wanke gindinsa. Da titi ya tare zagayen, madatsa ta kashe ƙarfin kogi, sai laka ta samu wurin zama. Ciyawa ta bi laka, ta riƙa matsowa shekara bayan shekara. A gindin ganuwar da ta gagari runduna sai ga filin ajiye motoci, bas-bas jere reras. Masana suka yi gargaɗin cewa in aka bar abin haka, wajen 2040 dutsen zai zama tudu a tsakiyar makiyaya. Garin neman gira an kusa rasa ido.

Gyaran ya ɗauki kusan shekara goma, ya lashe sama da yuro miliyan 180. A 2009 aka gama sabuwar madatsa mai ƙofofi takwas, wadda aikinta ya sha bamban da na tsohuwar. Idan teku ya cika, sai a buɗe a bar ruwan ya shige cikin kogi a tare shi a can. Bayan kamar sa'a shida, teku ya janye, sai a sako shi da ƙarfi ya kwashe laka ya yi gaba da ita. A 2012 aka kwashe filin motoci aka mai da shi gaɓa, nisan kilomita 2 da rabi. A 2014 aka buɗe gada mai tsawon mita 760, zanen Dietmar Feichtinger ɗan ƙasar Ostiriya, tsaye kan siraran ginshiƙan ƙarfe don ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, a 2015 kuma aka rushe tsohon titin. Da gangan aka ƙi kai gadar har ƙofa. An bar wani ɗan fili a ƙarshenta wanda ruwa ke rufewa idan ma'aunin cika ya haura 110, sai dutsen ya yanke daga ƙasa na sa'a ɗaya ko biyu, a wasu 'yan kwanaki cikin shekara. A ganina nan ne masu aikin suka nuna hankali, domin hukumar da za ta kashe wannan dukiya sannan ta yarda a bar hanyarta ta nutse ba ko'ina ake samunta ba. Sai dai gindin dutsen kawai aka ceto, lungun gaba ɗaya yana ci gaba da cikewa a hankali, kamar yadda ya faro tun kafin a haifi Aubert.

Motocin da ke jigilar baƙi a kan gadar kai biyu gare su, gaba da baya, don babu wurin juyawa. Direba ne ke sauka ya koma ɗaya kan.

Shin ko kun san mutanen Bretagne har yau suna jin haushin kogin Couesnon? Shi ne tsohuwar iyaka tsakaninsu da Normandi, kuma da yake a da yawo yake yi a cikin yashi, sukan ce haukarsa ce ta sa ya bi ta yamma da dutsen ya bar wa Normandawa. Wasa ne irin na maƙwabta, amma kada ka kuskura ka ce wa Banormande dutsen na Bretagne ne.

Shin ko kun san mazauna tsibirin na dindindin ba su kai 30 ba, alhali masu ziyara kan kai miliyan 2 da rabi zuwa 3 a shekara? Cikin mazaunan akwai 'yan sufaye maza da mata na wata ƙungiya da ta karɓi ibadar wurin a 2001. UNESCO ta sa dutsen da lungunsa cikin kayan gadon duniya a 1979. Titi ɗaya ne tak na kirki a garin, siriri, ya miƙe sama tsakanin shagunan tsaraba, kuma a watan Agusta sai ka yi da gaske kafin ka ga inda za ka sa ƙafa. Masu ƙorafin cewa kasuwanci ya ɓata wurin su sani tun ƙarni na 14 ake sayar wa maziyarta 'yan lambobin dalma a wannan titin. Daga ƙarshensa kuma akwai matakala kimanin 350 kafin a kai majami'a.

A bakin titin ne Annette Poulard ta buɗe masaukinta a 1888. Da yake ba a san sa'ar da baƙi za su iso ba sai yadda teku ya yi, ta zaɓi abincin da ba ya ɓata lokaci: wainar ƙwai da ake bugawa a tasar tagulla har ta yi kumfa, a soya a kan wutar itace. Wainar ta fi mai ita daɗewa, har yau ana bugawa a wurin.

Shin ko kun san ciyawar da ta kusa kashe tsibirin ita ke ciyar da tumakin da suka fi tsada a yankin? Teku na rufe makiyayar a manyan cika, ya bar mata gishiri, tumaki su yi kiwo a kai fiye da wata biyu, naman ya fito da ɗanɗano na daban. Tun 2009 doka ta kare sunan wannan nama, ba kowa ke da ikon liƙa shi a hajarsa ba. Makiyayan Nijar da ke kora dabbobi zuwa filayen gishiri na Ingal a ƙarshen damina ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Makiyayin Normandi dai dole ya riƙe jadawalin teku a ka, ya kwashe garkensa kafin ruwa ya iso.

Shin ko kun san dutsen yana da 'yan uwa a wasu ƙasashe? A Cornwall ta Ingila akwai St Michael's Mount, mai kama da shi har a suna, wanda ya taɓa zama reshe a ƙarƙashin sufayen Normandi. Masu kallon finafinan Indiya kuwa sun daɗe da sanin wani, ko da ba su lura ba: hubbaren Haji Ali na Mumbai, wanda ya fito a ƙarshen fim ɗin Coolie na Amitabh Bachchan a 1983, a kan ɗan tsibiri yake, kuma siririyar hanyarsa kan nutse idan teku ya cika sosai. A arewa maso gabashin Ingila akwai Lindisfarne, inda maharan Viking suka afka wa sufaye a 793. Can titin mota ne ke nutsewa sau biyu a rana, an kafa alluna da jadawalin sa'o'i a bakinsa, an kuma gina wani ɗan ɗaki a kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanya don wanda ruwa ya rutsa da shi ya hau ya jira ceto. Duk da haka, kusan kowane wata sai an samu direban da ya karanta allon, ya dubi agogo, ya ce ai zai wuce.